Cocinmu na so ya fita daga PC(USA), ginin zai bi mu?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana halartar wani cocin Firesbiteriyan a jihar Texas ta Amurka, yawancinku kuna so ku fita daga PC(USA), wato babbar ƙungiyar ikilisiyoyin Firesbiteriyan ta Amurka, kuma dattawa sun ce ai da gumin kakanninsu aka yi ginin. Toh gaskiya wannan hujjar ita kaɗai ba za ta isa a kotu ba.

PC(USA) ɗin nan haɗaka ce. A 1861 lokacin yaƙin basasar Amurka 'yan Firesbiteriyan suka rabu Arewa da Kudu, sai a 1983 suka sake haɗewa a Atlanta. A yarjejeniyar haɗewar an ba ikilisiyoyin Kudu shekara 8 duk wadda ba ta so ta fita da dukiyarta, idan kashi biyu cikin uku na masu jefa ƙuri'a a ikilisiyar suka yarda. Wannan ƙofar ta rufe tuntuni, idan cocinku na Kudu ne kuma bai fita lokacin ba kada ku dogara da ita.

Abin da zai ba ku wahala shi ne kundin tsarinsu ya ce duk dukiyar ikilisiya amana ce a hannunta don amfanin PC(USA) gaba ɗaya. Amma fa Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Jones da Wolf ta 1979 ta yarda jihohi su duba takardu kamar yadda ake duba na kowa, kuma Texas tun 2013 wannan hanyar take bi, kaga kenan kuna da ƙafar tsayawa. Alƙali zai duba takardar filin, sunan wa ke kai, da takardun rajistar cocin, da ko kun taɓa sa hannu kun amince da amanar nan a rubuce.

Ni dai shawarata kar ku yi gaggawar jefa ƙuri'a. Ku fara tattara waɗannan takardun har da bayanan tarukan dattawa tun daga 1983, ku kai wa lauyan filaye na jihar. Sannan ku zauna da majalisar gundumarku, wato majalisar PC(USA) da ke kula da ikilisiyoyin yankinku, a kan sallama ta lumana, don kotu tana cin kuɗi kuma tana raba 'yan'uwa. Cocin Highland Park a Dallas sai da ya biya dala miliyan 7.8 a 2014 kafin aka bar masa gininsa. Su kuma 'yan tsirarun da suke so su zauna, ku saurare su da kyau, don gunduma tana iya cewa su ne ikilisiyar ta ainihi.