Amsa: Ta ina marubuta za mu fara kan larurar galahanga (autism)?

Malama, kin tambayi ta ina mu marubutan Gusau za mu fara. Fara da yaro ɗaya. Ɗan yayata ya shekara 4 bai ce "Mama" ba, in aka tayar da injin niƙa sai ya toshe kunnuwa yana kuka. Aka ce aljanu ne, aka yi ta turare, uwar na kwana da hawaye. Alhali larurar galahanga ce, wato bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma allurar riga-kafi ba ta kawo shi.

Ki rubuta irin wannan, ki sakaya sunan yaron, ki turo mu duba miki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu domin larurar. Mu nemi fili a rediyo ranar, don matan karkara shi suka fi saurare.