Abin da ke sa rijiyar mai ta yi aman rairayi

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa rijiyar mai irin ta filin Agadem da ke gabashin Nijar take fitar da rairayi alhali dutse aka huda, kuma ko ana iya ganewa tun kafin ta fara. Ana iyawa, in an auna dutsen.

Man yana kwance ne cikin dutsen rairayi, wato ƙwayoyi da suka manne da juna. A zurfin mita 2000, nauyin ƙasar da ke bisa ya kai wajen bar 450 (bar ma'aunin matsi ne). Ruwa da man da ke cikin ƙofofin dutsen suna tallafe da kamar bar 200, sauran 250 ƙwayoyin ke ɗauka. Duk abin da ka rage na matsi a gindin rijiya don mai ya taso, kan ƙwayoyin yake komawa. In kayan ya fi ƙarfin abin da ya haɗa su, sai bakin hudar ya farfashe, mai ya kwaso garin ya yo sama da shi. Shi ya sa rijiyar da ta shekara biyar lafiya lau take iya fara rairayi: matsin ruwa da man da ke cikin dutsen ya ragu, kayan da ke kan ƙwayoyin ya ƙaru.

Sai ruwa. Ka san rairayin Gulbin Maradi: in da ɗan danshi ka dunƙula shi ya tsaya, in ya sha ruwa ya zube. Haka ƙasan take. Ranar da ka ga ruwa ya fara yawa cikin mai, sa ido sosai.

Wajen auna ƙarfi, ana ciro guntun dutsen daga rijiyar a matse shi a na'ura har ya fashe, a rubuta matsin da ya fasa shi. Ana kuma zura na'urar sauti cikin rami. Inda sauti ke tafiya a hankali, dutsen ba shi da ƙwari. Da waɗannan ake lissafa iyakar matsin da za a rage, kuma wannan iyakar ba a ƙetare ta ko wa ya matsa maka. Famfon bakin rijiya kuwa, kaɗan-kaɗan ake buɗe shi, a jira ta daidaita sannan a ƙara. Buɗewa farat ɗaya da yawan rufewa da buɗewa suna rugurguza dutse.

In dutsen ya cika laushi, sai a zura rariya cikin rijiyar a zuba tsakuwa kewaye da ita, su tare rairayi mai ya wuce. Tankaɗe rairayin ka san matsakaicin girman ƙwayarsa, ka zaɓi tsakuwar da ta ninka shi sau 5 zuwa 6. Rairayi mai milimita 0.1 yana son tsakuwa mai 0.5 zuwa 0.6, tsagar rariya kuma 0.3, don kada tsakuwar kanta ta wuce. In ta yi girma rairayi zai ratsa, in ta yi ƙanƙanta mai zai ragu. Kada ka bar gurbi wajen zubawa, don ta nan rairayi zai bugi rariya har ya huda ta.

Kada ka raina ɗan rairayin da ka murza tsakanin yatsu ka ji ƙaiƙayi. Shi ke cinye gwiwar tiyo da fanfon cikin rami, ya taru ya toshe hudojin. Da ka ji shi, rage buɗin famfo, ɗebi samfur, ka kira injiniya a ranar.