Tambaya da Amsa: Yaya zan tara makin JP da sauri a Final Fantasy Tactics?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Agege ne a nan Legas, ina taya yayana tsaron shago a kasuwar Mile 12. Na sa gem ɗin yaƙi Final Fantasy Tactics: The War of the Lions a wayata, ina bugawa a danfo idan cunkoso ya riƙe mu, sai kuma da dare in an kawo wuta na yi caji. Damuwata makin JP, wato makin da ake saya wa sojoji dabaru da shi. Ina cin yaƙi, ina gamawa da abokan gaba da wuri, amma in na je sayen dabara sai in tarar makin bai taka kara ya karya ba. Yanzu na maƙale a garin Dorter, maharba daga kan rufi da matsafa sun hana ni sakat. Abokaina sun ce in yi ta yaƙi har matakin sojojina ya hau. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da kasuwa. Saurin nan da kake yi wajen gama yaƙi shi ne yake cinye maka maki. Wannan gem ba ya biyan soja JP don ya yi kisa. Yana biyansa ne duk lokacin da layi ya zo kansa ya yi wani aiki, aikin kuma ya ci. Wanda ya jefa tsakuwa ta samu mutum, da wanda ya ba ɗan'uwansa magani, da wanda ya sare babban jarumin abokan gaba, in dai matakinsu da matakin sana'arsu (wato irin aikin da soja ya riƙe a fili, kamar maharbi ko matsafi) ɗaya ne, JP ɗinsu ɗaya ne. Tafiya kawai ko tsayuwa a jira ba ta kawo komai, sara in ya kuskure ma haka. Ka ga ke nan mai share fili cikin zagaye uku zai fita da nasara, aljihu kuwa fayau.

Ga yadda ake lissafin, don ka san inda ribar take. Kowane aiki yana ba da maki 8, a ƙara ninki biyu na matakin sana'ar da sojan yake ciki, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na matakin shi kansa sojan. Sojan da yake mataki na 4, sana'arsa tana mataki na 1, zai samu 8 da 2 da 1, wato 11. Duba da kyau: duk hawa ɗaya da sana'a ta yi tana ƙara maka maki 2, amma sai soja ya hau mataki huɗu cur kafin ya ƙara maka 1. A nan shawarar abokanka ta yi rauni, kuma tana da illa a ɓoye. Yaƙunan da ke tare ka a hanya suna girma ne daidai da matakin sojojinka, alhali yawancin yaƙunan labari matakinsu a tsaye yake. In ka hau sama ba dabaru, ba kayan yaƙi masu kyau, dabbobin da kake wasa da su a filin Mandalia su ne za su dawo suna tumurmusa ka.

Abu na farko da za ka saya, kuma ga kowa da kowa, shi ne JP Boost a sana'ar Squire, ta kurtun soja. A bugun da ke wayarka kuɗinsa JP 250, yana ƙara rabin abin da soja ya samu a kowane aiki: mai 11 ya koma 16, mai 29 ya koma 43. Kada ka tsaya a saye. Sai ka shiga ka ɗora shi a gurbin dabarar tallafi, in ba haka ba yana nan ajiye ba ya aiki, kuma mutane da yawa a nan suke yin asara ba su sani ba. Ka bar shi a jikin soja ko ya canza sana'a, sai ranar yaƙi mai zafi da kake buƙatar gurbin don wani abu.

Na biyu shi ne Focus, shi ma na Squire, JP 300. Soja yana yi wa kansa ne, ƙarfin saransa ya ƙaru da 1 har ƙarshen yaƙin. Ba ya kuskure, ba ya cin MP (makin tsafi), ba ya buƙatar kowa a kusa. Sirrin da ke cikinsa shi ne makin yana shiga sana'ar da soja yake sanye da ita a lokacin, ko daga ina dabarar ta fito. Sai ka mai da sojanka Knight (mai takobi) ko Black Mage (matsafi) ko duk sana'ar da kake son ginawa, ka ba shi dabarun Squire a gurbi na biyu, duk zagayen da ba shi da wanda zai kai wa hannu ya yi Focus. Matsafin da a da yake tsaye a baya yana jiran abokan gaba su matso, yanzu kowane zagaye yana shigo da maki.

Wani abin lura: idan za ka kalli bidiyon masu bugawa a YouTube, sunaye da farashi za su iya rikita ka. Gem ɗin asali kamfanin Square ne ya fitar a PlayStation a 1997, Yasumi Matsuno ya jagoranci aikin, kuma a tsohon bugun Turanci Focus sunansa Accumulate, JP Boost kuma Gained JP Up a kan 200. Naka an sake shi ne a PSP a 2007, ya zo iPhone a 2011, Android a 2015. A 2025 ma an fitar da wani sabon bugu mai suna The Ivalice Chronicles. Alƙaluman da nake ba ka na wanda ke hannunka ne.

Akwai kuma rabon da gem ɗin yake yi a ɓoye, wanda ni shi ya fi burge ni a tsarinsa. Duk lokacin da soja ya samu JP a wata sana'a, sauran 'yan'uwansa da ke filin suna samun kashi ɗaya cikin huɗu a wannan sana'ar, ko da su wata suke yi. Kamar yaran mai gyaran waya a Computer Village ta Ikeja ne, oga yana kwance allo, na gefe suna ɗaukar wani abu da ido. Amfaninsa biyu. In kana son JP Boost ya samu da wuri, ka fita da mutum huɗu ko biyar duk a Squire, kowa yana cin nasa yana kuma cin rabo daga sauran. In kuma akwai mai rauni da kake tsoron sa shi a gaba, ka bar mai ƙarfi ya yi sana'ar, shi yana daga baya yana tarawa.

A aikace, ka koma filin Mandalia. Ka kashe masu haɗari tukuna, ka bar guda ɗaya mara ƙarfi. Tsuntsun Chocobo mai ruwan ɗorawa ya dace da wannan domin yana warkar da kansa. Ka kewaye shi ko ka matse shi a lungu, in kana da Knight mai Rend Power ya rage masa ƙarfi, sauran kuma su yi ta Focus, da jifan juna da Stone, da warkar da juna. Potion kuɗi yake ci, amma Chakra, dabarar warkarwa ta sana'ar Monk, kyauta ce, kuma Monk yana buɗewa idan Knight ya kai mataki na 3. Ka tuna Focus yana ba da makin gogewa 10, kuma 100 ne ke ɗaga soja mataki. Idan ka ga wani yana neman yi wa sauran nisa, ka sa shi jifan abokinsa da ya fi shi ƙasa: gogewar tana raguwa gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu, JP kuwa ba ya raguwa.

Jinkirin yana da wata riba. Wanda ya faɗi a fili ana ƙirga masa uku, daga nan ya zama lu'ulu'u ko akwati. Lu'ulu'un abokin gaba ɗan Adam, in sojanka ya taka shi, yana iya gadon wasu dabarun mamacin ba tare da ya biya ko maki ɗaya ba. Sai dai ƙirgan nan bai bar naka ba. Naka in ya zama lu'ulu'u ya tafi ke nan da duk abin da ka tara masa, in kuma Ramza ne, jarumin labarin, an tashi wasa. Don haka Phoenix Down na Chemist, mai tayar da wanda ya faɗi, JP 90, kada ka fita babu mai shi.

Kada ka ji tsoron kashe maki. Matakin sana'a yana bin jimillar abin da aka taɓa samu ne: 200 mataki na 2, 400 na 3, 700 na 4, har 3,000 a mataki na 8, saye ba ya rage shi. Squire a mataki na 2 yana buɗe Knight da Archer, Chemist a mataki na 2 yana buɗe White Mage da Black Mage. Daga babi na biyu kuma za ka ga aike-aike a mashayar garuruwa, inda kake tura sojojin da ba ka fita da su na wasu kwanaki su dawo da kuɗi da JP. Kafin ka tura su, ka sa musu sana'ar da kake son ta samu makin.

A ganina kada ka mai da wannan zaman awa guda. Mai bugawa a danfo da batirin da ba shi da tabbas, gara ya yi yaƙi matsakaici ya fita ya ajiye wasansa. Dorter ba ta buƙatar ka ƙure komai. Black Mage biyu masu Fire ko Thunder, kowanne JP 50, da Chemist mai Potion da Phoenix Down, da Knight ɗaya a gaba, sun isa in ka fara da matsafansu kafin su sake maka wuta. Kuma tun yanzu ka saba ajiye wasa a gurbi biyu. A ƙarshen babi na uku, a fadar Riovanes, yaƙuna suna zuwa a jere babu fita, ciki har da wanda Ramza zai fuskanci babban abokin gaba Wiegraf shi kaɗai. Idan gem ya tambaye ka ajiya a tsakiyarsu, ka sa a sabon gurbi, ka bar na waje yadda yake don ka samu hanyar komawa neman maki idan abin ya gagara.