Ƙafar Baba da tumakin Hajiya: me ya kamata a saya?

Tambaya: Malam, ƙafar mahaifina ta daɗe a kumbure, an ce tundurmi ne. A kasuwar Gadarif na ga allurar ivermectin ta dabbobi da araha. In saya masa?

Amsa: Kul, ɗan'uwa! Waccan don shanu da raƙuma aka haɗa ta, ba don ɗan Adam ba. Ko ta mutane ce ma, ba za ta yi abin da kake fata ba. Tundurmi siririyar tsutsa ce da sauro ke yaɗawa, ta zauna a magudanan ruwan jiki ta lalata su. Ivermectin 'ya'yanta da ke yawo a jini yake kashewa. Kumburin da ya riga ya kafu ba ya sacewa da shi. Ƙwayar mutane kuwa, wato Mectizan, kyauta kamfanin Merck ke bayarwa tun 1987, da ita aka katse yaɗuwar makantar rafi a Abu Hamad da ke arewacin Sudan. Abin da ake rabawa kyauta, a ganina, bai kamata ka bi shi kasuwa ba.

Fara kai Baba asibiti. Ciwon zuciya ko ƙoda ma suna kumbura ƙafa. In an ce a ɗebi jini da dare kada ka yi mamaki, lokacin ne 'ya'yan tsutsar ke fitowa. Kuɗinka kuma ka zuba su a sabulu, tawul mai laushi, man kashe ƙaiƙayin tsakanin yatsu da takalmi mai yalwa. A wanke ƙafar kullum, a tsane ta sosai, a ɗora ta kan matashi in zai kwanta. Wannan ne ke rage zazzaɓin nan mai zafi da ke ƙara kumburin. Ka haɗa da gidan sauro.

Tambaya: Tumakina a Mai Wurno sun rame. Ciyawar barsim zan saya ko ta abu sab'in?

Amsa: Hajiya, kafin ciyawa ki buɗe fatar idonsu ta ƙasa. In ta yi fari fat, ga kumburi ƙarƙashin haɓa, tsutsar ciki ce ke shan jininsu, sai magani daidai nauyin kowace. Mai sabon ciki kada a ba ta albendazole. Barsim ya fi gina jiki, amma ki bari ya ɗan sha iska, ɗanyensa da yawa kan kumbura ciki. Abu sab'in kuwa, wato dawar da ake shukawa don abincin dabbobi, ki guji ƙaramin tohonsa, yana da guba.