Ga ƙanena mai ciwon cikin da hoto ya kasa nunawa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun bayan Azahar na ga tambayarka, na ce sai na dawo daga Isha'i na zauna da kyau, don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce wata takwas ke nan cikinka na kumbura, ƙirji na zafi, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita. An yi maka sikanin sau uku an ce ba komai, ka sha maganin olsa da na taifot har ka gaji, amma in dare ya yi barci ba ya zuwa, zuciya na ta raya maka kansa ce, wato ciwon daji, likitoci suka kasa ganowa. Ka tambaya ko akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan ya fita. Akwai, ga ni. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne a nan Katsina, abin da na sha zan ba ka.

Nawa ya faro ne daga jinyar kawuna, ƙanen mahaifiyata, Allah Ya jiƙan shi. Ciwon dajin ciki ya yi, ni na riƙa kwana da shi a asibiti har ya cika. Sati uku da rasuwarsa na ci ɗan wake lokacin tara a makaranta, sai ƙwannafi ya taso mani. Da can ruwa zan sha in manta. Ran nan kuwa wani abu ya ce mani: haka fa kawu ya fara. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Ni gudun shekara biyu na yi.

Ban san ko kai ma ka kai nan ba, amma ni har da fitilar waya nake shiga masai, ina haska bayan gidana ina duba launinsa. In na kwanta sai in yi ta danna ƙasan haƙarƙari da yatsu ina neman ƙullutu, har wurin ya yi tsami, gari na wayewa in ce ga shi nan, ciwo ya tsaya wuri ɗaya. Duk Asabar ina hawa ma'aunin wani kemis a Ƙofar Ƙaura. Na bar wake, na bar yaji, na bar nono, na bar duk abin da aka soya, na koma daga kunu sai farar shinkafa. Wa zai ci haka bai rame ba? Na zubar da kilo bakwai, sai ramar ta zama mani hujja, tunda ai na karanta a intanet masu kansa suna rama. Uwargida kuwa kullum tambaya ɗaya take sha: kin ga na ƙara ramewa? Wata rana ta aje ludayi ta ce, "Malam, wallahi tambayar nan taka ni za ta ramar." Na ji haushi a lokacin. Gaskiyarta ce.

Takardun awo kuwa leda guda na tara. Bari in tsaya a kansu, don a nan kuɗinka ke tafiya. Sikanin ɗin nan da ake shafa maka mai a ciki yana ganin hanta da ƙoda da matsarmama, amma ba ya ganin gyambon da ke bangon tumbi, don haka ko sau goma ka maimaita amsa ɗaya za ka samu. Awon taifot da ake yi mana ko'ina, wanda ake kira Widal, yana nunawa a jikin mutane da yawa masu lafiya ƙalau, musamman a ƙasar da cutar ta yi yawa irin tamu. Sau huɗu aka ce mani taifot ce, sau huɗu na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali ko zazzaɓi ba na yi. Magungunan nan ba sa tantancewa, har da ƙwayoyin hanji masu amfani suke sharewa, sai gudawa ta ƙaru, sai in koma a sake awo. Ga kuma haɗin da nake karɓa a kemis saboda ciwon baya, irin wanda ake ƙulla maka a 'yar leda ba suna ba kwali. Ashe akwai diclofenac a ciki. Shi da ibuprofen da piroxicam da asfirin suna cikin manyan masu cinye bangon tumbi. Maganar masu lasifika a bakin kasuwa da suka ce basir ne ko dattin ciki ba sai na ja ta ba, na sha jarka biyu, na kwana uku ina zarya.

Abu ya fara daidaita ne ranar da na daina yawo na tsaya wurin likita ɗaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yanzu muke ce ma FMC. Ya zazzage ledar a tebur, ya duba, ya ce awo ɗaya ya rage wanda ya kamata a fara da shi, na ƙwayar H. pylori. Mu mun taso ana ce mana yunwa ce ke kawo olsa. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka nuna a 1982 cewa ƙwayar cuta ce ke zama a tumbi tana haddasa yawancin gyambon. Da aka ƙi yarda, Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu da ciwo, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ina ba ɗalibaina wannan labarin duk shekara. Abin da ya shafe ka a ciki shi ne yadda ake awon. Na jini ba ya bambance ƙwayar da ke nan yanzu da wadda ta wuce tuntuni. Na bayan gida ko na numfashi ya fi. Kuma sai ka yi sati biyu ba ka sha maganin olsar nan omeprazole da danginsa ba, wata guda ba ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, in ba haka ba awon na iya cewa babu alhali tana nan. Nawa ya nuna akwai. Na sha magani kwana 14, baki na ɗaci kamar na tauna maɗaci, bayan wata guda aka sake awo aka ce ta tafi.

Zafin ƙirji ya ragu sosai. Kumburi da ƙugin ciki suna nan, tsoro kuma ko gezau. Na matsa sai da aka tura ni Kano aka zura mani siririyar robar nan mai kyamara ta baki har tumbi. Tas, ba gyambo ba ƙari. A mota hanyar dawowa har tsire na saya na ci. Ka san kwana nawa farin cikin ya yi? Tara. A na goma na ce to hanjin ƙasa fa, ai kyamarar ba ta kai can ba.

A nan na gane ciwona biyu ne, ɗaya nake ma magani. Da na koma, likitan ya ce mani cikin nan ba rauni a jikinsa, a tsorace yake. Ya yi mani bayani cewa hanji na da jijiyoyinsa masu tarin yawa, suna magana da ƙwaƙwalwa dare da rana. In mutum na cikin fargaba, motsin hanji na canzawa, ya yi sauri ko ya yi nawa, kuma iskar da wani ba zai ko ji ta ba kai sai ka ji ta kamar wuƙa. Suna ce ma irin wannan IBS. Ciwon gaske ne, ba raki ba ne, sai dai ba ya juyewa ya zama kansa. Ina zaune sai na tuna ai Bahaushe ya riga kowa sani. Me muke cewa in mutum ya tsorata? Cikinsa ya ɗuri ruwa, 'yan hanjinsa sun kaɗa. Ɗalibi nawa na gani suna zarya bayi ranar jarrabawar lissafi?

Muka yi yarjejeniya da shi. Ya lissafa mani abubuwan da in na gansu in taho ko tsakar dare ne: aman jini ko amai mai kamar garin kofi, bayan gida baƙi wuluk mai danƙo kamar kwalta, jini a bayan gida, abinci ya riƙa maƙalewa wurin haɗiya, amai da ya ƙi tsayawa, rama alhali ina cin abinci yadda na saba, ko jini ya yi ƙasa. Ya ce maganin ƙarin jini ma na baƙanta bayan gida, kada in ruɗe. Kai ma ka riƙe waɗannan. In akwai ko ɗaya a cikinsu, aje wayar ka tafi asibiti, kada ka tsaya jin ta bakin irinmu. In babu, aikina shi ne in daina bincike: ba fitila a masai, ba danna ciki, ba ma'auni, ba tambayar uwargida, ba neman alamomin cuta a waya.

Wallahi wannan ya fi shan magani wuya. Dubawar nan kamar susar ƙaiƙayi ce, daɗin minti biyar sannan ya dawo ya fi da. Satin farko in na shiga bayi a kan taga nake barin wayar, hannuna har rawa yake. In tunanin ya zo da dare sai in rubuta shi a bayan littafin darasi in ce sai gobe bayan La'asar za mu yi magana. Kafin La'asar ta yi yawanci ya huce. An kuma haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa, abin da na yi wata biyu ina kauce mashi don kada wani ya gan ni a layin a ce Malam ya taɓu. Da na je, rabin layin irina ne, masu faɗuwar gaba da rashin barci. An ba ni wata 'yar ƙwaya da dare, amitriptyline, ɗan kaɗan, wadda ake bayarwa don kwantar da jijiyoyin hanji. Kada ka je kemis ka saya don na ambata, ba kowa take karɓa ba.

Wasu za su ce maka rashin tawakkali ne. An faɗa mani, kuma ya yi mani ciwo, don ban taɓa yawan addu'a irin ta lokacin ba. Ka ci gaba da azkar ɗinka, ka kuma je asibiti. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta.

Abinci kuma na dawo da shi ɗaya bayan ɗaya, kowane in ba shi kwana uku in gani. Ashe fura da nono ba ruwanta, yaji daidai misali ma haka. Masu laifin su ne wake in ya yi yawa, lemon kwalba, goro da shayi mai kauri a kan yunwa, sai babbansu, cika ciki da tuwo in kwanta nan take. Yanzu da Magariba nake cin na dare, in bar awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Nakan fara kwanciya ta dama, in ƙwannafi ya taso in juya hagu, yana sauka. Da azumi na daina haɗa ƙosai da kunun tsamiya da ruwan ƙanƙara a zama ɗaya. Bayan La'asar kuma ina takawa da ƙafa har wajen hasumiyar Gobarau in dawo.

Ban warke sarai ba. Ko satin da ya wuce na ci alale wurin walima, cikina ya yi tam kamar ganga har dare. Na sha ruwan ɗumi, na ce alale ne, na yi barcina.

Yanzu ka faɗa mani abu biyu. A cikin awon da aka yi maka akwai na H. pylori, kuma na jini ne ko na bayan gida? Sannan kana shan wani maganin ciwon jiki ko na ciwon kai a kai a kai?