Amsa ga ƙaninmu da zai riƙa zuwa aiki Kaduna daga Zariya

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, murya zan yi, rubutu ba zai ɗauki abin da ke bakina ba. Ƙanina, na ga saƙonka tun bayan la'asar. Ka ce Allah Ya ba ka aiki a Kaduna, kana tambaya wanne ya fi, motar tasha ko jirgin ƙasa ko ka lallaɓa da 'yar motarka, ka riƙa tafiya kullum kana dawowa Zariya. To Allah Ya sanya alheri, Ya sa a fara a sa'a. Na kuma ga amsoshin da aka ba ka, wani ya ce awa ɗaya ce kawai, wani ya ce ai hanya ta yi kyau yanzu. Duk gaskiya suka faɗa, amma wallahi babu wanda ya amsa maka.

Don ni na san ba mota kake tambaya ba. Hajiya kake tambaya. Kai kaɗai ne namiji a gabanta yanzu, ba ka son ka kwana wani gari ka bar ta, ga kuɗin haya a Kaduna da ka ji ka ja da baya. Abin da kake son a gaya maka shi ne ko mutum zai iya wannan jeka-ka-dawo bai karye ba. To zai iya. Ni na yi shi shekara shida daga Tudun Wada. Amma ba yadda kake lissafa shi ba.

Kai kana lissafin kilomita 80 ne. Wannan kilomita 80 ɗin ita ce mafi sauƙi a duk tafiyar. Tun da aka sake gina hanyar nan, aikin da Julius Berger suka fara a 2018, in mota ta bar Gwargwaje ta miƙa, ka wuce Jaji, ka wuce Birnin Yero, kafin ka farga kana Mararrabar Jos. Mu da muka bi ta lokacin da ake aikin, ana mai da kowa hannu ɗaya, tirela na zuwa ta gabanka kana zuwa ta gabanta, mu muka san an samu sauƙi. Wahalar tana bakin nan biyu ne, daga ƙofar gidanku zuwa inda mota za ta tashi, da kuma daga Kawo, inda mota ke sauke ku a Kaduna, zuwa teburinka. A nan lokaci yake mutuwa, a nan kuɗi yake zurarewa ba ka gani.

Duba mana. Kana cikin birni, ko? Sai ka fito bayan sallar asuba ka nemi ɗan acaɓa ko napep zuwa Ƙofar Doka, ko ka wuce Kwangila in can ka saba. Kuɗi ɗaya ke nan. Ka shiga mota, kai ne na biyu, sai ka zauna jiran lodi. Ranar Litinin ba matsala, kafin ka gyara zama ta cika. Amma Laraba fa? Za ka zauna kana kallon agogo, ɗan kamasho yana ta rantsuwa saura mutum ɗaya, alhali biyu daga cikin waɗanda ke zaune ba matafiya ba ne, an zaunar da su ne don ka ga kamar an kusa. Sai ka isa Kawo. To Kawo ba Kaduna ba ce ga ma'aikaci, ƙofa ce kawai. In ofishinku na nan sakatariyar tarayya ta Kawo, ka huta, Allah Ya so ka. In kuwa sai ka bi Ali Akilu ka shiga cikin gari wajen Independence Way, ko ka tsallaka kogi zuwa Barnawa ko Kakuri, to wata tafiya ce sabuwa, da kuɗinta, da cunkosonta. Kuma ba ka faɗa mana ina ofishin yake ba. Wannan shi ne farkon abin da ya kamata ka faɗa.

Jirgin ƙasa kuma, don Allah ka cire shi daga lissafi. Wanda ya kawo maka maganar jirgi ina jin na Abuja yake tunani, wanda aka buɗe a 2016. Wannan daga Rigasa yake tashi ya yi kudu, bai san da Zariya ba. Sabon layin Kaduna zuwa Kano da zai ratsa ta nan, a 2021 aka ƙaddamar da aikinsa, ranar da ya fara ɗaukar mutane sai mu sake zama mu yi magana. Abin yana ci mini rai, wallahi. Garin da dogo ya iso tun 1911, garin da layi ya rabu ya tafi Gusau har Ƙauran Namoda, Sabon Gari kanta ai albarkacin tashar nan ta cika, yau ɗan Zariya ba zai iya cewa bari in hau jirgin safe in je aiki Kaduna in dawo da na yamma ba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, a jirgi yake kai kaya Kaduna. To bar wannan, ba shi ka tambaya ba.

Motarka. Hmm. Da a ce kafin 29 ga Mayu 2023 ka yi wannan tambayar, lokacin litar mai ba ta kai naira 200 ba, da na ce maka hau abarka ka tafi. Daga ranar da aka cire tallafi ta haura 500, daga baya har ta wuce 1,000. Kai da kanka ka zauna da biro: kilomita 160 zuwa da dawowa, kullum, ka san abin da motarka ke sha, ka buga da farashin gidan man da kake saye. Kada ka tsaya a mai. Sa taya, sa baƙin mai da za ka riƙa juyewa kusan duk wata, sa ranar da za ta tsaya maka a daji. Albashin sabon ma'aikaci ba zai ɗauka ba, kai kaɗai a mota. Ban ce ka sayar da ita ba, a'a, ina zuwa, tana da amfani.

Amma bari in gaya maka abu ɗaya da ba na son ka yi ko da wasa: tsayawa bakin titi ka tare mota don ta fi araha. Na san za ka yi sha'awa, kowa ya yi. Ni abin da ya raba ni da ita, wata Alhamis ce da damina, ba zan manta ba. Na makara, na tsaya bakin hanya, wata Golf ta tsaya, ya ce Kawo, na ce Kawo, muka yi ciniki na biya shi tun a nan don ya ce zai sha mai. Mu huɗu a baya, biyu a gaba. Muna isa Mararraba sai ya faka tsakanin tirelolin nan, ya ce mu sauka mu shiga waccan bas ɗin, ya riga ya yi magana da direban. Ashe Jos ya nufa, ya samu fasinjan da suka fi mu tsoka. Muka sauka cikin ruwa, ya ja motarsa. Muka je wajen mai bas, mutumin nan ya ce shi bai san zancen ba, ko sisi ba a ba shi ba. Akwai wata dattijuwa a cikinmu, asibiti za ta, da katinta a leda, kuɗin da ta ba shi su ke nan gare ta. Ta tsaya tana kuka cikin ruwa. Mu muka haɗa mata. Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, wallahi tallahi ba kuɗin ba ne. Yadda ya dubi idon tsohuwar nan ya ce Mama shiga waccan an biya, shi ne har yau in na tuna nake jin zafi. Kuma wa za ka kai wa ƙara? Ba ka san sunansa ba, ba ka riƙe lamba ba, ba daga tasha ya tashi ba. Na isa ofis sha ɗaya saura, a jiƙe, aka ja mini jan layi a rajista. Shekara nawa yanzu, amma duk Golf mai wannan launin in na gani sai na leƙa fuskar direban. Da a tasha ne, ko jaka ka manta, ka dawo ka samu 'yan ƙungiya, sun san wanda ya yi lodi da wane lokaci. Wannan ɗan bambancin kuɗin da kake gani, kuɗin wannan ne.

Af, na ce shekara shida ɗazu ko? A'a, biyar da wata bakwai ne, don shekarar ƙarshe na kama ɗaki. To ina ma nake... yauwa, motarka.

Abin da ya cece ni, kuma shi nake ba ka shawara, karo-karo ne. Mu huɗu muka haɗu, duk 'yan Zariya masu aiki a Kaduna, biyu suna da mota. Wannan mako motar wane, mako mai zuwa ta wane, kuɗin mai a raba huɗu, mai mota a rage masa saboda gyara. Ƙarfe shida daidai a gindin gadar Ƙofar Doka, lokacin ma ba a yi gadar ba, shatale ne. Wanda bai zo ba shida da minti goma an tafi, ba fushi, ba kiran waya. Wannan doka ita ta riƙe mu. Ranar da kuka fara cewa a ɗan jira wane yana wanka, tafiyar ta watse. Ba jiran lodi, ba sauka a Kawo a sake neman wata, a ajiye kowa kusa da ofishinsa. Kuma kana tafiya da mutanen da suka san gidanku, in wani abu ya faru a hanya akwai mai kiran Hajiya. A cikin wannan zauren namu kaɗai na san akwai masu bin hanyar nan kullum, sun yi shiru ne. Ku fito ku yi magana, yaron nan ƙaninku ne.

Sai dawowa, wanda ba wanda ya taɓa maka shi. Safiya kana da ƙarfi, ka yi barci. Yamma ita ce jarrabawa. Ka tashi biyar, ka fito Kawo, kowa ya taso lokaci ɗaya, ga Rigachikun a cushe, in lokacin baje koli ne kuma sai addu'a. Ka wuce Mararraba inda manyan motoci ke fakawa hagu da dama, magariba ta riske ka a hanya. Da hunturu hazo ya rufe, ba ka ganin mota sai ta zo dab da kai, da damina kuma ruwa. Ni ƙa'idata, in isha'i ta same ni a Kaduna, na kwana. Ba na bin hanyar nan da dare, kuma kai ma ba na son ka bi. Saboda haka ko ka zaɓi jeka-ka-dawo, dole ka samu gida ɗaya a Kaduna da za ka iya ƙwanƙwasawa ba tare da jin nauyi ba, ka ajiye kaya kala ɗaya a can. Kawunku na Unguwar Dosa yana nan ai. Je ka gaishe shi tun yanzu, da ɗan abin hannu, kada sai ranar da ka maƙale.

Wani abu kuma, aikin na jiha ne ko na tarayya ko kamfani? Don in na jiha ne, tun Disamba 2021 gwamnatin El-Rufai ta mai da zuwa ofis kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis, takwas zuwa biyar. Ka tambayi ofishinku yadda suke yi yanzu. In kwana huɗu ne, lissafin ya canza gaba ɗaya, kwana uku cur kana gaban Hajiya. In kuwa banki ne ko irin wuraren da ba a tashi sai an ga dama, ƙanina kada ka yaudari kanka, ba za ka iya kullum ba. Ka nemi ɗaki ku haɗa da wani a Rigachikun ko Hayin Banki ko nan Kawo, ka tafi Litinin da asuba ka dawo Juma'a. Na ga waɗanda suka dage, wata uku suka rame, suka fara barci a ofis, ga faɗa da iyali a gida don mutum ya dawo ba ya iya ko magana. Ni kaina akwai lokacin da yarana ba sa ganina sai Asabar, na fita suna barci na dawo suna barci, alhali sunan a gida nake kwana. Shi ya sa na kama ɗakin daga ƙarshe.

Kuma ka zauna da Hajiya ka gaya mata gaskiyar lissafin. Kada ka yanke mata hukunci a zuciyarka. Iyayen nan sun fi mu sanin hanya, ita da kanta za ta iya ce maka ta fi son ka kwana can lafiya da a ce kullum magariba tana zaune tana jiran ƙarar ƙofa. Ƙanwarku ta Gyallesu ba za ta iya zuwa ta riƙa kwana da ita kwana uku a mako ba? Ku yi magana.

Wanda ya ce a yi amfani da bas ɗin gwamnati masu gas ɗin nan da aka kawo a 2025, e, in ka sauka Kawo ka samu ka hau, za ta rage maka kuɗin cikin gari, amma ka shirya layi, kada ka ɗora lokacin shigarka ofis a kanta a makon farko.

Ka fara da motar tasha mako biyu. Riƙe ɗan littafi, rubuta lokacin da ka fita gida, lokacin da mota ta tashi, lokacin da ka zauna a kujera, da duk abin da ka kashe har ruwan leda. Bayan mako biyu ka turo mini, ni da kai mu duba. Kafin nan ka gaya mini unguwar da ofishin yake da ƙarfe nawa ake tashi, akwai mutum biyu da nake tunanin haɗa ka da su, ɗaya Samaru yake amma ta Kwangila yake fitowa. Cajina ya kusa ƙarewa. A gaida Hajiya, a ce ina nan tafe ranar Asabar in Allah Ya yarda.