Abin da na gani a Adre game da aikin ɗan jarida a fagen yaƙi

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko akwai sauran dalilin da zai sa ɗan jarida ya kai kansa bakin wuta, tunda yanzu kowa yana riƙe da waya, kuma hotuna suna iso mana ta WhatsApp tun ƙura ba ta lafa ba. Zan amsa maka da abin da na gani a Adre, garin Chadi da ke kan iyakar Sudan, inda na yi aikin tafinta a daminar 2023.

Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, kuma ba a jima ba layukan waya suka ɗauke a El Geneina, babban birnin Darfur ta Yamma, wanda bai fi kilomita 30 daga inda muke ba. Ranar 14 ga Yuni aka kashe gwamnan jihar, Khamis Abakar, sa'o'i kaɗan bayan ya zargi dakarun RSF, wato rundunar da ke yaƙi da sojojin Sudan, a talabijin da kisan jama'a. Daga nan mutane, galibinsu 'yan ƙabilar Masalit, suka riƙa kwararowa a ƙafa, wasu da harsashi a jiki. Da yawansu an ƙwace musu wayoyi a shingayen hanya, don haka babu abin da suka iso da shi sai abin da idonsu ya gani.

Na zauna da wata 'yar jarida a kan tabarma ƙarƙashin rumfar leda, tana sauraron wata dattijuwa da aka kashe wa 'ya'ya biyu. Ta tambayi sunan unguwa, da ranar, da irin motar maharan, sannan washegari ta nemi wasu mutum uku daga wannan unguwa waɗanda ba su san dattijuwar ba, ta yi musu tambayoyin nan daga farko. Abin da bakinsu bai zo ɗaya a kai ba ta ajiye shi gefe, ko da yake na san raina bai so hakan ba a lokacin, domin na yarda da matar.

Daga baya ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙiyasta cewa an kashe mutum 10,000 zuwa 15,000 a El Geneina a shekarar. Dattijuwar kuwa, kafin mu tashi, sai da ta sa na sake karanta mata sunayen 'ya'yanta daga littafin 'yar jaridar, ta gyara mana harafi ɗaya, sannan ta sake mu.